Karate Combat: faɗan akwai daɗin kallo, amma batun wai 'yan kallo ke mulki a bar shi kawai

Masu tambaya ko Karate Combat ya cancanci mutum ya ƙona datarsa a kai, amsata eh ya cancanta, musamman tsofaffin wasanninsu, kuma kyauta suke sakawa a YouTube ba ka biyan ko sisi banda datar da za ta tafi. In maki ake so na ba su 7 cikin 10. Ukun da na riƙe akwai dalili kuma zan zo kansu, sai dai ku yi haƙuri da ni don ba a gane abin da mutanen nan suke sayarwa sai an ɗan san rikicin cikin gidan karate, rikicin da ya girmi yawancinmu.

Kamfani ne na Amurka mai shirya faɗan karate na ƙwararru da ake duka da gaske, Michael DePietro da Robert Bryan suka kafa shi, ya fara shirya wasa a 2018. Ba a kan tabarma ake yi ba irin ta gasar karate da muka sani, ba kuma cikin keji ba irin na UFC, gasar nan ta faɗan gauraye, rami ne suka yi mai kusurwa huɗu, mita 6.5 kowane gefe, bangonsa a kishingiɗe digiri 45. Wannan ramin wallahi shi ne abu mafi wayo da suka yi, don babu igiya babu waya da za ta tare kyamara, komai tar kake ganinsa, sannan ɗan wasa ba shi da inda zai jingina ya huta, yana ja da baya ƙafarsa za ta hau gangara ya rasa tsayuwa, masu dabara kuma su taka bangon su yo tsalle da shuri. Turmi uku ake yi, kowanne minti 3, na kambu kuma turmi biyar. Dogon wandon karate da ɗamara suke sawa, babu riga, safar hannu 'yar ƙarama. Ana kayar da mutum, in ya faɗi wanda ke tsaye, a dokarsu ta farko, yana da daƙiƙa 5 ya zuba masa naushi daga nan rafali ya tashe su, babu shaƙe wuya babu murɗe hannu, babu wannan kwanciyar da ake yi a ƙasa har mai kallo ya fara hamma. Alƙalai kuma sun fi ba da maki ga wanda ke kai hari, wanda ke gudu yana zagaye ba ya cin komai.

A farko ma wuraren da suke zaɓa abin burgewa ne, sun yi a Budapest, sun yi a Miami, sun yi a Atina, sun hau can saman benen One World Trade Center a New York sun yi, duk a 2018 ɗin. Daga baya suka koma haɗa bayan fage da kwamfuta, da Unreal Engine irin wanda ake yin wasannin gem da shi, sai ka ga mutum biyu na dukan juna da gaske amma bayansu wani birni ne na almara. Wasu na cewa shirme ne, ni dai bai dame ni ba. Sharhi da Turanci ne, Bas Rutten tsohon zakaran UFC na cikin masu yinsa, mutumin nan ko ba ka jin abin da yake cewa ihunsa kaɗai zai gaya maka an yi abu. Georges St-Pierre da Lyoto Machida, su ma tsofaffin zakarun UFC, duk sun zauna musu a teburin, kuma dukansu 'yan karate ne tun asali.

To me ya sa ma aka buƙaci irin wannan? Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na masu nauyin sama da kilo 75 a Olamfik ta Tokyo ya san amsar. Watan Agusta na 2021, a Nippon Budokan, Tareg Hamedi na Saudiyya yana gaba da 4 da 1, ya ɗaga ƙafa ya sami Sajad Ganjzadeh na Iran a sama, bawan Allah ya zube sumamme sai a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi. Alƙalai suka yi shawara suka ce shurin ya wuce ƙa'ida, aka kori Hamedi, wanda ya suma ya farfaɗo ya tarar shi ke da zinare. Saudiyya dai ta ba Hamedi riyal miliyan 5, ladan da aka tanada wa mai zinare, amma a takarda azurfa ce.

Kuma fa alƙalan ba su yi zalunci ba, dokar ce haka. A tsarin WKF, wato hukumar karate ta duniya da kwamitin Olamfik ya sani, ba a neman ka illata mutum, ana neman ka nuna da ka so da ka illata shi, ka kai duka da sauri da kyau a daidai tazara sannan ka janye. Naushi maki 1 ne, yuko. Shuri a jiki maki 2, waza-ari. Shuri a kai ko duka a kan wanda ya faɗi maki 3, ippon. Minti 3 ake yi a kan tabarma mai mita 8, ɗaya da jar ɗamara ɗaya da shuɗiya, ka ba da tazarar maki 8 wasa ya ƙare, in an tashi kunnen doki wanda ya fara cin maki shi kaɗai, senshu, shi ke da nasara. Wanda ya taɓa shiga aji ya san wannan riƙe hannun ba ƙaramin aiki ba ne, ni na ɗan yi salon karate na shotokan ina yaro kuma har yau ina ganin tsayar da naushi dab da fuskar mutum ya fi sakinsa wuya. Amma ka je ka yi wa mai kallon dambe wannan bayanin, ka ce masa wanda aka ɗauka ranga-ranga shi ya ci, dariya zai maka. A wannan ƙofar Karate Combat ke cin kasuwa, a wajensu da Hamedi ya yi wannan shurin da an ɗaga hannunsa an kuma yi ta maimaita bidiyon.

Yanzu rikicin gidan. Karate daga Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ya kai shi Tokyo a 1922, kuma tun can ba abu ɗaya ba ne, akwai Shotokan, Goju-ryu, Shito-ryu, Wado-ryu, kowanne da malaminsa da katarsa (jerin motsin da ake haddacewa a nuna ba tare da abokin karawa ba) da yadda yake ganin shi ne na asali. A 1970 Jacques Delcourt na Faransa da Ryoichi Sasakawa na Japan suka haɗa kai aka kafa hukumar karate ta duniya mai suna WUKO, aka yi gasar duniya ta farko a Tokyo da ƙasashe 33. Ba a je ko'ina ba, a gasa ta biyu a Paris a 1972 aka yi rigima kan alƙalanci har wasu tawagogi suka fice, cikinsu har da Japan. Hidetaka Nishiyama ya ja nasa mutanen suka kafa tasu hukumar, IAKF, wadda ta koma ITKF a 1985, su suna cewa nasu ne karate na gargajiya wancan wasa ne kawai. Kwamitin Olamfik ya amince da WUKO a 1985 amma ya ce ku je ku haɗe ku zo mana da murya ɗaya, aka yi ta zama ana tashi, a cikin ƙoƙarin haɗewar ne a farkon shekarun 1990 aka sauya sunan WUKO zuwa WKF, haɗewar kuma ba ta yiwu ba. Sai a 1999 kwamitin ya ce to shi kenan WKF kaɗai ya sani. Antonio Espinós ɗan Sifaniya ya hau shugabancinta a 1998, ofishinta na Madrid, kuma ya daɗe a kujerar har yaran da aka haifa shekarar da ya hau sun girma sun shiga gasar manya shi yana nan.

Wannan fa manyan ne kawai. Ƙananan kuwa kamar gidan gado ne, maigida na rufe ido 'ya'ya su hau raba fili kowa ya buɗe ƙofarsa ya ce nan ce ainihin ƙofar gidan. Masatoshi Nakayama na JKA, ƙungiyar Shotokan ta Japan, ya rasu a 1987 ƙungiyar ta dare biyu sai da kotu ta raba gardamar wa ke da sunan a 1999. Mas Oyama na Kyokushin, masu duka da gaske amma ba naushi a fuska, ya rasu a 1994, nan ma aka watse, ɓangaren Shokei Matsui daban, Shinkyokushin ta Kenji Midori daban, ga wasu can. Kowacce na yin gasar duniya, kowacce na naɗa zakaran duniya. Shi ya sa in wani ya ce maka shi zakaran duniya ne a karate kada ka ƙaryata shi, ka dai tambaye shi na wace ƙungiya.

Wannan rarrabuwar ta ci su a Olamfik. An duba su don 2012 ba su sami ƙuri'un da ake so ba, don 2016 aka ɗauki golf da rugby, don 2020 aka mayar da kokawa, sai da Japan mai masaukin baƙi ta yi amfani da damarta ta sa su a wasannin Tokyo, aka amince da hakan a 2016. Zinare takwas aka raba, shida na faɗa biyu na kata. Abin haushi tun a 2019, kafin ma a buga wasa ko ɗaya, Paris ta riga ta ce ba ta yi da su a 2024, ta ɗauki rawar breaking, ƙasar da take da ɗimbin 'yan karate kuma ɗanta Steven Da Costa ya je ya ci zinare a Tokyon. Los Angeles 2028 ma babu su, su kurket da squash da flag football aka zaɓa. To ɗan wasan da ya ba da rayuwarsa ga abin nan ina zai je ya ci abinci? Akwai Karate 1 Premier League ta WKF da ake zagayawa da ita birane irin su Paris da Alƙahira da Rabat, gasa ce mai kyau amma ba wadda za ta yi wa mutum arziki ba ce. Nan ne kamfanin ya zo ya ce ku zo mu biya ku, ko wane salo kuke, ko wace ƙungiya, rami ɗaya doka ɗaya.

Kuma a gaskiya a shekarun farko sun cika wannan alƙawarin, shi ya sa nake son tsofaffin wasannin. Kana ganin karate da idonka, tsayuwa daga nesa, tsalle-tsallen nan na auna tazara, mutum ya shigo kamar walƙiya da naushi miƙaƙƙe ya share ƙafar abokin karawa ya bi shi da duka. Ɗan shotokan da ɗan kyokushin da ba za su taɓa haɗuwa a gasar kowa ba sai ga su a rami ɗaya, kana ganin wa ya saba da shan duka a jiki wa kuma ya saba da kare fuska. Abin da manyan hukumomi suka kasa a teburin taro shekara da shekaru, a ƙalla na minti tara wani ɗan kasuwa ya yi shi.

Babban misali Rafael Aghayev na Azarbaijan. Zakaran duniya sau biyar a WKF, na Turai sau goma sha ɗaya, azurfa a Tokyo bayan Luigi Busà na Italiya ya ci shi a ƙarshe. Gajere ne, kuma shekarunsa sun ja, an haife shi a 1985. Duk masu cewa 'yan WKF taɓa-ka-gudu kawai suka iya, su je su kalli yadda ya yi da Raymond Daniels a ƙarshen 2022, dogon Ba'amurke da ya yi suna a kikbokzin, Aghayev ya dinga kutsawa cikinsa yana ɗaga shi yana makawa da ƙasa har ya ci shi da maki. Abin da ya ba ni sha'awa ba ƙarfin ba ne, lokacin shigarsa ne, ido ɗaya da yake cin yuko da shi a kan tabarma shi ne dai yake aiki a ramin, bambancin kawai yanzu ba ya janye hannu. Wannan wasan kaɗai ya biya kuɗin data.

Maki na farko da na cire saboda inda suka karkata ne. Daga wajen 2023 abin ya fara canza kama, an sassauta dokoki an bar gwiwa da wasu dukan da a da aka hana, aka kuma fara cika katin da sunayen da suka yi tashe a UFC. Disamba 2023 a Las Vegas Anthony Pettis da Benson Henderson, mutanen da suka riga suka kara sau biyu a 2010 da 2013, Pettis ya sake ci. Afrilu 2024 a Dubai Luke Rockhold ya kwantar da Joe Schilling. Sam Alvey, wanda ya bar UFC bayan wasa tara a jere babu nasara, shi ya zo ya zama zakaran masu nauyi a nan. Ban raina kowa ba cikinsu, duk mazaje ne, kuma na san suna ne ke kawo 'yan kallo, haya da albashi ba da kata ake biyansu ba. Amma ka zauna ka kalli wasu wasannin na baya-bayan nan ka rufe sunan tashar, wallahi ba za ka ce karate kake kallo ba, kikbokzin ne da dogon wando. Shahzaib Rind na Pakistan da ake ta yayi, yaron ya iya faɗa ba ƙarya, amma wushu ya taso da shi. Robelis Despaigne na Kyuba ɗan taekwondo ne, da shi ya ci tagulla a Olamfik ta 2012. Har kokawar shaƙe-shaƙe suka shigo da ita cikin ramin, har da faɗan 'yan kirifto masu mabiya a intanet waɗanda ko tsayuwa ba su iya ba, wannan kam ina zuwa wajen nake turawa gaba. In kowa zai iya shiga da kowane salo to me ya rage na sunan? An gudu daga wasan da duka ke jawo kora an faɗa wanda ba a gane na wane gida ne.

Maki na biyu, kuma shi ya fi ci min rai, maganar mulki. A 2022 suka sanar cewa za su miƙa gasar ga 'yan kallo, a 2023 suka fito da tokin ɗinsu na kirifto mai suna KARATE a kan Hedera, da manhajar da suke kira Up Only Gaming, a shekarar kuma suka tara dala miliyan 18 daga masu zuba jari. Yadda abin yake, kana da tokin, kafin wasa ka zaɓi wanda kake ganin zai ci, in ya ci a ƙara maka, in bai ci ba wai ba ka rasa naka, wani kaso kuma ya tafi ga ɗan wasan. A baki akwai daɗi, ga hukumomin da tsofaffi suka kankane, ga mu mun ba talaka ƙuri'a.

To amma a tsaya. Nauyin ƙuri'arka gwargwadon tokin ɗinka ne, mai miliyan ɗari ba ɗaya yake da mai dubu ba, kenan ba mutum ake ƙirgawa ba aljihu ake ƙirgawa. Sannan canko wanda zai ci wasa ba shi ne mulki ba. Mulki shi ne wa ke ɗaukar ɗan wasa, wa ke sallamarsa, nawa za a biya shi, wa zai kara da wa, wa ya cancanci neman kambu, in an zalunce shi ina zai kai kuka. Waɗannan kuwa akwai shugaban gasar (a 2023 Asim Zaidi aka naɗa), akwai ma'aikata, akwai masu jarin da suka zuba miliyoyinsu kuma ba sadaka suka bayar ba. Gida ɗaya ne ke shirya wasan, shi ke jera sunaye, shi ke da kambun, shi ke biyan wanda ya riƙe shi. Haka UFC take ita ma, amma ita ba ta ce min ni ke mulkinta ba. Ka lura ma da inda suke kai wasu wasannin, na Dubai a makon taron Token2049 aka yi, na Austin a taron Consensus, duka tarukan 'yan kirifto ne, daga nan za ka gane su wa ake son su zauna a layin gaba.

WKF da duk laifinta, da daɗewar shugabanta, da dokarta mai tsauri ta hana ƙungiyar ƙasa da ke ƙarƙashinta haɗa kai da wata hukumar duniya, wadda ni a ganina ta ƙara rura wutar rabuwar ne maimakon kashe ta, duk da haka ƙasashe kusan 200 ne ke zuwa su yi zaɓe, akwai gwajin ƙwaya na WADA, akwai kotun wasanni ta Lausanne da ɗan wasa zai iya kai ƙara, koci na da katin neman a duba bidiyo in yana ganin an danne wa yaronsa maki. Abubuwa ne marasa armashi amma su ne mulki. Kuma mu nan ba baƙin alƙawarin tokin ba ne, duk wanda ya yi ta dannan fuskar waya a 2024 har yatsa ya yi kanta yana jiran ranar fashewa ya san ba girin-girin ba dai ta yi mai. Manhajar tasu ita kanta ba ta da wuyar sha'ani, in kyauta aka ba ka ka yi wasa da ita don nishaɗi ba laifi, amma kada ka cire kuɗin cefane ka sayi tokin da sunan za ka zama mai faɗa a ji a harkar karate. Batun ko ya shiga layin caca tunda sun ce ba a asara, wannan na bar wa malamai, a tambaye su kafin a shiga ba bayan an shiga ba.

Maki na uku ƙanana ne suka taru. Wasannin da ake yi a Amurka tsakar dare suke faɗowa a agogonmu, sai dai ka bari da safe, kuma kafin ka buɗe an riga an ɓata maka da sakamako a Facebook. Shirin kai tsaye yana da tsawo, surutu da talla da gabatarwa sun fi faɗan yawa, gara ka jira su yanka wasa ɗaya-ɗaya. Ka sa shi a 480, ya isa ka ga komai, a 360 shurin sauri yana narkewa ba ka gane abin da ya faru sai a maimaici, 1080 kuwa sai mai wayfai, netwok ɗin unguwarmu ko a mafarki ba zai ja ba. Wasannin mata akwai su kuma suna da zafi amma ba su kai yawan na maza ba. Sannan 'yan Afirka ba su cika yawa a ramin ba, alhali a tsarin WKF nahiyar na da abin nunawa, Masar kaɗai ta isa misali, Feryal Abdelaziz ta ci zinare a Tokyo ta zama mace ta farko daga Masar da ta taɓa cin zinaren Olamfik, Giana Farouk kuma ta zo da tagulla.

Iyaye masu yara a ajin karate, wannan naku ne. Akwai jini a wasu wasannin kuma ana suma, ba irin abin da za ka miƙa wa ɗan shekara bakwai waya ka tafi ba ne, don washegari ƙaninsa zai gwada a kai. In kuma yaro na da hazaƙa kana so ya wakilci jiha ko ƙasa, hanyar ba ta rami ba ce, ta hukumar karate ta ƙasa ce, daga gasar wasanni ta ƙasa zuwa UFAK ta Afirka zuwa WKF, haka a Najeriya haka a Nijar haka a Ghana inda aka yi gasar wasannin Afirka a Accra a 2024 da karate a ciki. Kafin ka biya kuɗin jarrabawar ɗamara ka tambayi malamin takardar daga wace ƙungiya za ta fito kuma hukumar ƙasa ta san da ita ko a'a, ba rashin kunya ba ne, malamin kirki zai amsa maka ba tare da ya ɓata rai ba. Takardar wata ƙungiyar ba ta zama jabu don ba ta WKF ba ce, ta JKA misali ana girmama ta ko'ina, amma ba kowacce ke buɗe ƙofar gasa ba.

Wanda zai fara kallo, kada ya fara da na kwanan nan. Ya nemo na 2018 na Atina da na New York ya ga yadda abin yake da farko, sannan Aghayev da Daniels, sannan ya buɗe tashar WKF ya kalli wasan ƙarshe ko ɗaya na gasar duniya ta Budapest ta 2023, a rage gudun bidiyon zuwa rabi don a gudunsa na asali ido ba ya kama hannun mutanen nan. Na Rockhold da Schilling a ajiye shi sai ranar da aka sami data ta banza.